Digiri Ta Gidan Waya: Tarihin Masu Aiki Da Rana, Karatu Da Dare

Mai karatu, in akwai takardar Naira goma ko ta Naira ɗari a aljihunka, ciro ka dubi fuskokin da ke jiki. Na jikin Naira goma shi ne Alvan Ikoku, malamin makaranta mutumin Arochukwu. Na jikin Naira ɗari kuwa ba sai an gabatar da shi ga mazaunin ƙasar Yarbawa ba, Cif Obafemi Awolowo ke nan. Abin da ya haɗa mutanen nan biyu, wanda ba kowa ya sani ba, shi ne babu ɗayansu da ya zauna a ajin wata jami'a kafin ya sami digirinsa na farko. Suna cikin neman abinci suka yi karatun, a ɗakunansu, bayan an tashi daga aiki, suka zauna jarrabawar Jami'ar Landan suna nan gida Nijeriya.

Dalilin tono wannan tarihi shi ne yawan 'yan'uwanmu da ke zaune a zango-zangon Kurmi da karatu rabi da rabi a hannu. Wani ya yi NCE ya tsaya, wani difloma, wani ya shiga jami'a ya yi shekara biyu sai mahaifi ya rasu aka ce ya dawo ya riƙe rumfa. In ka ce masa ya koma ya ƙarasa, sai ya ce ai lokaci ya wuce, ga iyali ga kasuwa, kuma wai wannan karatu na Asabar da Lahadi sabon yayi ne na masu neman takarda ko ta halin ƙaƙa. Alhali kuwa hanyar ta girmi kowace jami'a a ƙasar nan, kuma a garuruwan da muke zaune aka fi bin ta. Mu ne dai muka daɗe muna kallon ta daga bakin titi.

Asalin abin daga Jami'ar Landan ne. A 1858 ta fito da ƙa'idar da ta ba mutum damar zama jarrabawarta ba tare da ya halarci darasi a cikinta ba. Ba ruwanta da inda ka yi karatunka, ko a gindin bishiya ne. In ka ci jarrabawa, digirinka na Landan ne. Tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare aka fara zama irin wannan jarrabawa a Ikko. Matakai uku ake hawa: ta share fage wadda ake kira Matirik, da ta tsakiya, sa'an nan ta ƙarshe. Daga 1951 jarrabawar GCE ta maye gurbin Matirik ɗin.

To, ita jami'ar jarrabawa kawai take shiryawa, ba ta koya wa ɗalibin waje komai. Wannan giɓi ne wasu makarantu na kuɗi a Ingila suka cike. Akwai Wolsey Hall a birnin Oxford wadda aka kafa a 1894, akwai University Correspondence College a Cambridge, daga baya aka sami Rapid Results College a Landan, wadda tallarta ta cika jaridun Ikko. Yadda abin yake tafiya shi ne, ka yanki takardar kuɗi a gidan waya ka aika, galibi kaɗan-kaɗan kowane wata. Su kuma su aiko maka da darasi a buge, da jerin littattafan da za ka nema, da tambayoyi. Ka amsa ka mayar, wani malami da ba ka taɓa gani ba ya gyara ya dawo maka da ita. Jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster ne ke ɗaukar wasiƙu tsakanin Liverpool da Ikko, tafiyar kamar mako biyu. Watau in wani abu ya shige maka duhu yau ka rubuta tambaya, sai an yi wata guda ko fiye kafin ka ga amsa. Kafin nan ko dai ka gano da kanka, ko ka manta abin da ma ka tambaya.

Su wa suka rungumi wannan wahala? Malaman makarantun mishan, da akawunan gwamnati, da na reluwe, da na gidan waya, da na kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt. Abin da ya tura su a fili yake. A aikin gwamnatin mulkin mallaka akwai matakin da baƙar fata ba ya wucewa sai da digiri, kuma babu inda ake ba da digiri a ƙasar. Babbar Kwalejin Yaba da aka yi bikin buɗewa a 1934 difloma take bayarwa, wanda ya gama sai a sa shi mataimakin Bature, ko da ya fi Baturen sanin aikin. Zuwa Ingila kuwa sai ɗan mai hali. Saboda haka wanda ba shi da uban da zai biya masa jirgi, gidan waya ne jami'arsa.

Ikoku yana koyarwa ya sami digirinsa na falsafa a 1928, yana da shekara 28, daga baya ya kafa tasa makarantar sakandare a Arochukwu. Labarin Awolowo ya fi kusa da mu, don shi ɗan kasuwa ne kamar iyayenmu. An haife shi a 1909 a Ikenne, nan kusa da Shagamu inda mutanenmu ke sayen goro. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Ya yi koyarwa, ya yi akawu, ya yi aikin jarida, ya shiga sayen koko da harkar motocin haya, kasuwa ta karye masa bashi ya hau kansa. Duk cikin wannan faɗi-tashi, ga mata ga 'ya'ya, yana Ibadan, ya ci digirin Landan a fannin kasuwanci a 1944, yana da shekara 35. A shekarar ya tafi Ingila karatun lauya, ya gama a 1946. Shekara tara bayan haka, a 1955, gwamnatinsa ta Jihar Yamma ta fara ba da ilmin firamare kyauta. Ko kana son siyasarsa ko ba ka so, wannan ba abin musu ba ne.

Akwai kuma Cif Afe Babalola na Ado-Ekiti, wanda iyakar zamansa a aji firamare ce. Da wasiƙa ya yi sauran, har ya sami digirin Landan a ilmin tattalin arziki, ya ɗora da na shari'a, aka tabbatar da shi lauya a Ingila a 1963. A Ibadan ya buɗe ofishinsa, ya zama ɗaya daga cikin manyan lauyoyin ƙasar, kuma a 2009 ya gina jami'a sukutum a garinsu.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, lokacin da maƙwabtanmu ke wannan fama, mu ina muke?

An ware unguwar Sabo ta Ibadan a 1916. Jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Kano, goro na hawa, shanu na sauka, Hausawa kuma sun riƙe bakin zaren duka biyu, daga Agege zuwa Shagamu zuwa Sabo. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kan unguwar a 1969. Cikin abin da ya lura da shi har da yadda mutanen Sabo suka yi nesa da makarantar boko, ga ta kyauta a ƙofar gida. Masu karanta wannan a yau sukan yi saurin cewa jahilci ne ko ƙyuya. A ganina wannan hukunci bai yi wa iyayenmu adalci ba. Kasuwar da suka gina ba ta bukatar Turanci. Abin da take bukata shi ne amana: maigida ya sauki fatake, ya tsaya wa mahauci a ba shi shanu bashi, dillali ya san wanda ke biya da wanda ba ya biya, in an bukaci rubutu ga ajami. Yaron da ya tashi cikin wannan yana iya tara abin da ya fi albashin akawu, me zai kai shi aji? Ga kuma tsoron makarantun mishan, wanda ba tsoron banza ba ne a wancan zamani.

Sa'an nan kada a manta, mutanen nan ba su bar karatu ba. Wanda ya san zango ya san zauren malam bayan Asuba da kuma tsakanin Magariba da Lisha. Dattijo da furfurarsa, ya wuni a kara ko a rumfar goro, zai zo ya durƙusa da Ahalari ko Ishmawi, ya wuce Iziyya, ya shiga Risala, in Allah ya ba shi tsawon rai ya kai Askari. Ba mai yi masa dariya. Karin maganar nan da ke cewa gemu ba ya hana ilmi a irin wannan zaure take da gindi. Ashe aiki da rana karatu da dare ba baƙon abu ba ne gare mu, mun riga Wolsey Hall saninsa. Bambancin kawai shi ne wancan karatu ba ya ƙarewa da takardar da gwamnati ke ƙirgawa. Muddin gwamnati ba ta shigo kasuwa ba, babu asara. Amma ta shigo. Aka ƙirƙiro jihohi a 1967, aka sake fasalin ƙananan hukumomi a 1976, aka riƙa tayar da kasuwanni ana mayar da su sababbin wurare, fili ya koma sai da takarda, rigima ta koma sai kotu. Ranar da aka bukaci lauya ko injiniya ko mai binciken kuɗi, sai aka ga dole a ɗauko daga waje a biya.

A Arewa kuwa wata hanya dabam aka bi. Can hukuma ce ke ɗaukar ma'aikacinta ta tura shi ƙarin karatu, albashinsa na tafiya. Marigayi Abubakar Tafawa Balewa yana shugaban Midil ta Bauci aka tura shi Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano ya bi bayansa a 1946. Ma'aikatan En'e kuma ana kai su Kongo a Zariya su yi kwas su dawo. Ga Yaƙi da Jahilci da aka kaddamar a shekarun 1950 don manya da ba su taɓa shiga aji ba. Duk wannan alheri ne, amma na wanda sunansa ke cikin littafin wata En'e ne. Ɗan Sabo ba ma'aikacin kowa ba ne a Arewa, a Yamma kuma baƙo ne. Ya faɗa tsakiya, ba mai tura shi, shi kuma bai tura kansa ba.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, shekara guda bayan haka ta kafa sashen koyar da mutanen gari, ƙarƙashin wani mutumin Gana, Robert Gardiner. Malamai na fita garuruwa suna ba da lacca da yamma a kan tarihi, siyasa, tattalin arziki da adabi. Ba digiri ake samu ba, amma da yawa da suka shiga sun yi amfani da shi wajen shirin jarrabawar Landan. Daga Mokola zuwa ƙofar jami'ar tafiyar 'yan mintoci ce a mota. A shekarun 1960 sashen Larabci da addinin Musulunci na jami'ar ya buɗe kwas na satifiket don malaman Larabci da ba su bi ta sakandaren boko ba. Wannan ƙofa kamar don malaman zaurenmu aka yi ta, amma 'yan'uwanmu Yarbawa masu karatun Larabci ne suka fi cin moriyarta.

Babban sauyi ya zo ne da rahoton hukumar Sir Eric Ashby na 1960. Cikin shawarwarinta har da kafa jami'a a Ikko wadda za ta yi la'akari da ma'aikata, ta yi darasin dare, ta kuma koyar ta wasiƙa. Haka aka buɗe Jami'ar Legas a 1962, kuma tun farkonta akwai ajin dare na shari'a da harkar kasuwanci. Akawu ya tashi ofis ya wuce aji, ya koma gida dare ya yi. A farkon shekarun 1970 ta kafa sashen karatu ta wasiƙa na musamman, wanda ya yi ta canza suna har ya zama cibiyar karatu daga nesa. Wannan ne karo na farko da ɗan Nijeriya zai sami digirin ƙasarsa yana kan aikinsa, ba sai ya jira jirgin Liverpool ba. Jami'ar Ibadan ta bi sahu da nata shirin digiri na ɗaliban waje a 1988.

Amma abin da ya cika ajujuwan manya da gaske shi ne UPE. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe firamare kyauta a duk ƙasa. An yi shirin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Ina malamai? Aka kwaso duk wanda ya iya riƙe alli. Da yake ba za a rufe makarantu a tura su karatu ba, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, tana aika darussa a buge, malamai na haɗuwa ƙarshen mako a wata makaranta kusa da su, suna neman takardar malanta mai daraja ta biyu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce nan gaba NCE ce za ta zama mafi ƙanƙantar takardar koyarwa, sai cibiyar ta fara NCE daga nesa a 1990. Jami'o'i kuma, irin su Ahmadu Bello da Nsukka, suka buɗe karatun dogon hutu: ɗalibai na tafiya gida, malaman firamare da sakandare su cika ɗakunan kwanansu, su yi 'yan makonni suna karatu ba dare ba rana, shekara bayan shekara har digiri ya kammala. Da yawa daga cikin malaman da suka riƙe makarantun Islamiyya da na firamare na unguwanninmu ta waɗannan hanyoyi suka bi. Mata ma sun samu, musamman waɗanda aure ya katse wa karatu, don malama na iya zuwa da goyonta da 'yar raino.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi wata matsala da ta shafe mu fiye da kowa. Daga 1978 shiga jami'a ya koma hannun hukumar JAMB. Tsarin da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin ɗari na cancanta, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a ilmi. Duk lissafin a kan jihar asali yake, ba inda aka haife ka ba. Yaron da aka haifa a Sabo, aka haifi ubansa a Sabo, ba ya cikin kason 'yan yankin. Kason jihohin baya kuma sai ya kawo takardar asali daga wata ƙaramar hukuma a Kano ko Katsina ko Sakkwato, inda babu wanda ya san fuskarsa, sai an nemo wani tsoho ya tuna kakansa. Tallafin karatu ma haka, nan a ce ba ɗan jiha ba ne, can a ce ba a san shi ba. Wannan ya sa da yawa suka tsaya a sakandare ko difloma, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Ga irin waɗannan, karatun ma'aikata shi ne ƙofar da ta fi sauƙin turawa, don ita abin da ta fi dubawa shi ne takardunka da kuɗin makarantarka.

Sai dai ƙofa ce da gwamnati ke buɗewa ta rufe yadda ta ga dama, kuma wannan ne ɓangaren tarihin da ya fi ciwo.

Ingila ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta a 1969, ɗalibai suka fara a 1971, ana koyarwa ta rediyo da talabijin da wasiƙa. Shugaba Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya so a yi irinta a nan. Ya kafa kwamiti a 1980 ƙarƙashin Farfesa Afolabi Ojo. Dokar ta sha jinkiri a Majalisar Dattijai, sai ranar 22 ga Yuli, 1983 ya sa mata hannu. Ƙarshen Disamba soja suka yi juyin mulki. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da jami'ar, wata tara kacal da haihuwarta, bisa hujjar rashin kuɗi da rashin kayan aiki. Hujjar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kowa ya san halin da gidan waya da wutar lantarki suke ciki a lokacin. Amma dakatarwar ta ɗauki kusan shekara goma sha takwas. Ma'aikacin da ke da shekara 35 ranar da aka rufe ta, ya haura hamsin kafin a sake buɗewa. Tsara guda ke nan aka yi asara.

Bukatar kuwa ba ta mutu ba, ƙaruwa ma ta yi. An rage ma'aikata a 1984, tsarin SAP ya zo a 1986 ya cinye darajar albashi, kowa ya gane cewa ranar kora mai ƙaramar takarda ake fara kira. Jami'o'i su ma kuɗi ya yanke musu. Mai nema ya haɗu da mai nema, sai aka shiga buɗe rassan jami'a barkatai. Jami'ar da ke can wata jiha mai nisa sai ka ga allonta a saman wani bene a Ikko ko a wata firamare da aka ara ranar Asabar. Wasu rassan sun yi aiki tsakani da Allah. Wasu kuwa kasuwa ce zalla: babu ɗakin karatu, malami ya zo sau biyu ya sayar da takardun darasi ya tafi, sakamako ya shekara bai fito ba. A nan ne karatun ma'aikata ya samo mummunan sunan da har yau wasu ke jifansa da shi. A 2001 Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe irin waɗannan rassa. Jami'ar Jihar Legas, wadda Gwamna Lateef Jakande ya kafa a 1983, ta ci gaba da nata rassan na cikin jiha, har da na Agege a tsakiyar jama'armu, kafin su ma a nannaɗe su daga baya. A 2012 hukumar kula da jami'o'i ta dakatar da ɗaukar ɗaliban wucin gadi a jami'o'in ƙasar baki ɗaya don ta tantance su. Kowane karo, mai laifi da marar laifi tare ake rufe wa ƙofa, kuma wanda ya fi shan wuya shi ne wanda ya kai shekara ta uku ya riga ya zuba kuɗinsa.

Obasanjo da ya dawo a farar hula shi ya tayar da Buɗaɗɗiyar Jami'ar, aikin ya kankama a 2002, Farfesa Olugbemiro Jegede ya zama shugabanta. Hedkwatarta ta fara zama a Ikko kafin ta koma Abuja. Tsarin ya bambanta da na zamanin wasiƙa: akwai cibiyoyin karatu a jihohi, har da barikin soja da gidajen yari irin su Kirikiri, darussa a littafi da kuma intanet, wasu jarrabawowin a kwamfuta. Mai NCE ko difloma ba ya komawa farko, ana ɗora shi daga inda takardarsa ta kai. Wani abin da ya jawo mata jama'a shi ne yajin aikin malaman jami'a, irin na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, ba ya tsayar da ita. Cikin 'yan shekaru ta fi kowace jami'a a ƙasar yawan ɗalibai.

Shi kansa Obasanjo ya yi rajista a cikinta tun yana kan mulki. Ya karɓi babbar difloma a ilmin addinin Kirista a 2009, ya ci gaba har ya karɓi digirin digirgir a watan Janairu na 2018, yana da shekara 80. Shugaban jami'ar a lokacin Bakano ne, Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya riƙe ta daga 2016 zuwa 2021, mutumin da masu bin adabi da finafinan Hausa suka sani tun da daɗewa.

Duk da haka takardar ba ta sami cikakkiyar karɓuwa nan da nan ba. Shekara da shekaru hukumar horar da lauyoyi ta ƙi karɓar waɗanda suka karanta shari'a a jami'ar, hukumar bautar ƙasa ma ba ta kiran ɗalibanta. Tushen gardamar wata kalma ce a cikin dokar 1983, wadda ta bayyana karatun a matsayin na wasiƙa. Watau hanyar da ta fitar da Ikoku da Awolowo da Afe Babalola, ita ce ta zama abin gori. Majalisa ta gyara dokar ta cire kalmar, kuma a watan Disamba na 2018 shugaban ƙasa ya sa hannu. Shugaban kuwa Muhammadu Buhari ne, wanda ya dakatar da jami'ar shekara 34 kafin nan.

Batun bautar ƙasa yana tsorata mutanenmu fiye da kima, don haka bari a fayyace shi. Tun da aka kafa shirin a 1973 aka yi masa gyare-gyare, kuma ƙa'idar da ta zauna ita ce wanda ya haura shekara 30 ranar da ya gama digiri ba ya zuwa, ko da a babban aji ya yi karatunsa, takardar yafewa ake ba shi. Wanda ya yi karatun wucin gadi kuma takardar keɓewa ake ba shi, ita yake nunawa wurin aiki. Magidancin da ke riƙe da rumfa a Bodija ko Mile 12, ko malamar da ke koyarwa a Idi-Araba, galibi sun riga sun wuce shekarun sa kaki. Abin da ya fi cancantar su bincika kafin su biya ko sisi shi ne ko hukumar kula da jami'o'i ta amince da wannan kwas ɗin a wannan cibiyar, don rashin wannan tambaya ne ya cinye kuɗin mutane da yawa a rassan da aka rufe a 2001.